Yaro Ya Yi Laifi: A Keɓe Shi Ko a Ja Shi a Jiki?

Yaro ɗan shekara uku yana wasa kusa da ƙanwarsa. Ta miƙa hannu ta ɗauki motar wasansa, shi kuma bai yi wata-wata ba ya fizge ya kwaɗa mata ita a ka. Kuka ya kaure, uwa ta taso a guje. A daidai wannan gaɓar, iyaye biyu da duk suka yi wa kansu alkawarin ba za su doki 'ya'yansu ba suna iya raba hanya. Ɗaya za ta kama hannun yaron ta kai shi kan kujera a gefe, ta ce, "Ka doki ƙanwarka, zauna nan," ta juya ta bar shi minti uku. Ɗayar za ta tare hannunsa, ta duba kan yarinyar ta rarrashe ta, sannan ta durƙusa gabansa har numfashinsa ya daidaita, ta ce, "Ranka ya ɓaci don ta ɗauki motarka. Amma ba zan bari ka doke ta ba."

Hanya ta farko ita ce Turawa suke kira taim-aut, ni zan riƙa ce mata keɓewa. Ta biyu tana da sunaye barkatai a bakin masu yaɗa ta, amma harshenmu ya riga ya yi mata suna: jan yaro a jiki. Fiye da shekara goma ke nan ana ja-in-ja a kan su biyun, har ta kai iyayen da ke keɓe 'ya'yansu suna jin kamar sun yi wani babban zunubi, masu rarrashi kuma ana yi musu kallon masu sangarta yara. Ina da ɓangaren da na fi karkata, kuma zan faɗe shi. Sai dai yawancin zargin da ake yi wa kowacce, waɗanda suka yi ta ba daidai ba ne suka jawo mata shi, don haka sai an fara ganin kowacce yadda masu ita suka tsara ta.

Duka ba ya cikin wannan awo. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000, suka tarar duka yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai da damuwa, ba su kuma ga alamar yana gyara hali ba. A 2018 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito ƙarara ta ce a bar duka, a bar tsawa mai wulaƙanci da kunyata yaro. Abin da ke gabanmu shi ne me za a yi bayan an ajiye bulala.

Keɓewa, yadda aka tsara ta

Ba daga ɗakin uwa keɓewa ta fito ba, daga ɗakin gwaji ta fito. Masana halayya na shekarun 1950 sun lura cewa duk halin da yake samun lada yana ƙaruwa, wanda aka yanke wa lada kuma yana raguwa. Arthur Staats, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, yana cikin waɗanda suka fara gwada dabarar a kan yara daga ƙarshen shekarun nan zuwa farkon shekarun 1960, har da 'yarsa ta cikinsa. A 1964 Montrose Wolf da abokan aikinsa a Jami'ar Washington suka wallafa labarin wani yaro ɗan shekara uku da rabi mai larurar galahanga (autism), wanda aka yi wa aikin ido, dole sai ya sa tabarau ko ya rasa ganinsa, shi kuwa ba abin da yake yi sai birgima da buga kansa. Keɓewa ta gajeren lokaci tana cikin abin da aka yi amfani da shi, birgimar ta ragu, ya koyi sa tabarau. Daga nan dabarar ta bazu.

Cikakkiyar ma'anar sunan ita ce a ɗan tsame yaro daga abin da ke ba shi daɗi. Wannan yana nufin dole ne akwai daɗin tun farko. Ga ƙaramin yaro ba ladan da ya kai hankalin uwa ko uba, ko da kuwa hankalin nan faɗa ne. Idan yaro ya wuni ba wanda ya dube shi sai lokacin da ya yi ɓarna, to ɓarna ita ce hanyarsa ta samun ido. In aka keɓe irin wannan yaron, ba a raba shi da komai ba, domin dama a keɓe yake. Shi ya sa tsare-tsaren koyar da iyaye da aka fi gwadawa ba sa farawa da kujera. A tsarin da Sheila Eyberg ta kafa a shekarun 1970 don yara 'yan shekara biyu zuwa bakwai, sai iyaye sun yi makonni suna koyon wasa da yaro na minti biyar kullum, yaro ne jagora, ba umarni, ba tambayoyi, ba kushe, sai yabo da bin abin da yake yi. Mai horarwa yana bayan gilashi yana raɗa wa uwa ko uba ta na'urar kunne. Sai sun ƙware a wannan ake koya musu keɓewa. Ɓangaren wasan nan ne yake faɗuwa a hanya idan dabarar ta bi baki zuwa baki.

Ita kanta keɓewar tana da sharuɗɗa. Laifuffukan da ake yin ta a kansu 'yan kaɗan ne, an kuma sanar da yaro su tun ana zaman lafiya: duka, cizo, fasa abu da gangan, ƙin bin umarni bayan gargaɗi ɗaya. Ana faɗin dalili cikin jimla guda, da murya a kwance. Wurin ya zama mai haske, ba abin tsoro, ba abin wasa, inda babba yake iya hango shi. Lokacin gajere ne. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce minti ɗaya ga kowace shekara, wasu tsare-tsaren kuma minti uku kacal suke yi. Ba wa'azi, ba musu, ba harara. Idan lokaci ya cika, magana ta wuce: a koma ga abin da aka ce ya yi tun farko, a kuma nemi abu na farko mai kyau da ya yi a yaba masa.

Yanzu a kwatanta wannan da abin da ke faruwa a gidaje. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017, wanda ya tambayi iyaye kimanin 400, ya gano kusan kashi uku cikin huɗu suna keɓe 'ya'yansu, amma wajen kashi 85 cikin ɗari na waɗannan suna yin ta ta hanyar da take rage mata amfani: gargaɗi a kan gargaɗi, surutu da yaro yana kan kujera, barin sa da kayan wasa. Wannan ma mai sauƙi ne. Mummunar ita ce wadda ake yi cikin fushi: a ja yaro da ƙarfi, a wurga shi ɗaki, a rufe ƙofa, a ce "kada in sake ganin fuskarka," a manta da shi rabin awa yana shessheƙa. Wannan kora ce, kuma yaro ya san bambancin.

To keɓewar da aka yi bisa ƙa'ida tana cutarwa? A 2014 mujallar Time ta buga wani rubutu na Daniel Siegel da Tina Payne Bryson ƙarƙashin kanun da ke cewa keɓewa tana cutar da yara. Ya tayar da ƙura sosai. Daga baya marubutan suka fayyace cewa ba su suka zaɓi kanun ba, kuma keɓewar da ake yi cikin fushi don azabtarwa suke nufi. Binciken da ake yawan kafa hujja da shi, wanda ya nuna zafin wariya yana taɓa wasu sassan ƙwaƙwalwa da zafin jiki yake taɓawa, a kan manya aka yi shi a 2003, suna wasan jefa ƙwallo a kwamfuta ana share su. Ba a kan yaro mai zaman minti uku uwarsa tana kusa aka yi shi ba. A 2019 kuwa masu bincike a Jami'ar Michigan suka bibiyi iyalai kusan 1,400 tun yaran suna 'yan shekara uku har zuwa aji biyar na firamare, ba su ga bambanci a damuwa ko baƙin ciki ko faɗa tsakanin yaran da ake keɓewa da waɗanda ba a keɓewa ba. Duk wanda ya ce wa uwa ta lalata ɗanta don ta zaunar da shi a kujera cikin natsuwa, ya ɗora mata nauyin da hujja ba ta ɗora mata ba.

Inda nake ganin gazawarta wani wuri ne daban. Keɓewa tana koya wa yaro abin da zai bari. Ba ta koya masa abin da zai yi da wutar da ta taso masa a ƙirji lokacin da aka ɗauki motarsa. Sau da yawa ana ce masa, "Je ka yi tunanin abin da ka yi." Ɗan shekara uku ba ya zama ya yi nazarin laifinsa, ko dai yana jiran a ce ya tashi, ko yana tafasa. Waɗanda suka tsara dabarar ma ba su ce tunani ake so ya yi ba.

Jan yaro a jiki

Wannan hanyar daga wata tambaya ta taso: me ƙaramin yaro yake bukata kafin ya iya mallakar kansa? John Bowlby, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, da Mary Ainsworth, wadda ta fara nazarin uwaye da jarirai a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950, su ne suka kafa ilimin shaƙuwa. Abin da suka nuna shi ne yaro idan ya firgita ko ya rikice, babban da ya saba da shi yake nema, kuma yaron da ya tabbata zai same shi ya fi sakin jiki ya fita ya bincika duniya. A shekarun 1970 Edward Tronick ya yi wani gwaji da duk wanda ya kalle shi ba ya mantawa. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskare fuska, ba murmushi ba motsi, na ɗan lokaci kaɗan. Jaririn zai yi mata dariya, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, in ya ga ba ta amsa ba sai ya kau da kai ya ɓarke da kuka. Da ta dawo masa, a hankali sai ya lafa. Jariri bai zo duniya da abin kwantar da kansa ba, aro yake yi a jikin babba.

Aron nan ba ya ƙarewa da yaye. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda yake taka wa mutum burki, shi ne na ƙarshen nuna, yana ci gaba da ginuwa har mutum ya haura shekara ashirin. A ɗan shekara biyu ko uku burkin nan bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa birgima ba alamar lalacewa ba ce. Binciken Michael Potegal da Richard Davidson na 2003 ya nuna kusan tara cikin goma na yaran da ke tsakanin shekara ɗaya da rabi da uku suna yin ta, yawancinta ba ta wuce minti biyar, kuma tana raguwa da kanta yayin da yaro ke dosar shekara huɗu. Yaron da ke kwance a ƙasa yana shure-shure don an hana shi wani abu, a wannan lokacin kunnensa a toshe yake. Ba ya jin wa'azi, ba ya jin barazana. Yana dai jin yanayin muryar da ke kansa da irin hannun da ya taɓa shi.

Don haka masu wannan hanyar suke cewa a fara kwantar da yaro, gyara ya biyo baya. A aikace ga yadda take. Ki fara tsayar da ɓarnar da jikinki: ki riƙe hannun da zai kai duka, ki ɗauke abin da zai jefa, in ta kama ki ɗauke shi cak ki fitar da shi daga cikin mutane. Ki sauko daidai tsayinsa. Ki rage magana. Ki faɗa masa abin da kike gani yana ji, a taƙaice: "Ka so ka ci gaba da wasa, na ce lokacin wanka ya yi, abin ya yi maka zafi." Ki bar iyakar a inda take: wankan dai za a yi. Ki zauna kusa, in yana son runguma ki rungume shi, in yana ture ki ki ja baya kaɗan ki ce, "Ina nan." Sai guguwar ta wuce sannan a yi maganar abin da ya faru da abin da zai yi gaba: ya zo ya ce "Mama, ta ɗauki motata," ya kwashe abin da ya watsar, ya je ya duba kan ƙanwarsa.

Faɗin sunan abin da yaro ke ji ba ado ba ne. John Gottman da abokan aikinsa a shekarun 1990 sun bibiyi iyalai, suka ga yaran da iyayensu ke sauraron ɓacin ransu, suna ba shi suna, suna kuma kafa iyaka, sun fi iya kwantar da kansu da zama da tsaransu. A Jami'ar Melbourne ta Ostireliya, Sophie Havighurst ta mayar da wannan tsarin koyar da iyaye, aka gwada shi, aka ga matsalolin halin yara sun ragu. Ga manyan yara kuma akwai tsarin Ross Greene, inda babba da yaro suke zama bayan ƙura ta lafa su gano abin da ke kawo rikicin su nemo mafita tare. A wani gwaji da aka wallafa a 2016 a kan yara 134 masu tsananin taurin kai, 'yan shekara bakwai zuwa sha huɗu, tsarin nasa ya yi kunnen doki da tsohon tsarin lada da keɓewa. Gaskiya ita ce tarin binciken da ke bayan keɓewa ya fi yawa ya kuma fi daɗewa, musamman ga yara masu matsanancin hali. Amma ba daidai ba ne a ce jan yaro a jiki zance ne na shafukan sada zumunta kawai.

Ita ma tana da gurɓatacciyar siga, kuma ta yi yawa. Uwa ta ce a'a, yaro ya fasa ihu, ta ce, "Na san ranka ya ɓaci," ya ƙara ihu, sai ta miƙa masa abin da ta hana. Ko uba ya tsaya yana yi wa ɗan shekara biyu bayani na minti goma, yana roƙonsa, yana neman yardarsa a kan abin da ba na shawara ba. Gerald Patterson, wanda ya yi shekaru yana nazarin rikicin iyaye da 'ya'ya a jihar Oregon, ya bayyana wannan tarkon dalla-dalla: yaro ya ɗaga murya, babba ya janye, kowannensu ya samu sauƙi na ɗan lokaci, yaro ya koyi cewa ihu yana buɗe ƙofa, gobe sai ya fara daga inda ya tsaya yau. Tun a shekarun 1960 Diana Baumrind ta bambanta iyaye masu tsanani ba tausayi, da masu sakaci, da masu haɗa ƙauna da tsayuwa, kuma 'ya'yan na ƙarshen ne bincike ya yi ta nuna sun fi dacewa. Jan yaro a jiki in ba tsayuwa, shagwaɓa ce. Hawayen yaro ba dalilin ɗage doka ba ne; ana iya tausaya masa a kan hanin, hanin kuma yana nan daram.

Wani abin da masu tallata ta ba su cika faɗa ba shi ne tsadarta. Tana cin lokaci, tana cin haƙuri. Tana neman babba ya kasance a natse a daidai lokacin da ya fi kowane wuyar natsuwa. Uwa mai goyo da ba ta yi barci ba, ga wasu yara biyu, ga aiki, ba kullum za ta iya durƙusawa minti goma gaban mai birgima ba. Idan aka gaya mata cewa duk tsawar da ta kuɓuce mata tabo ce a zuciyar ɗanta, an ƙara mata kaya ne. Tronick ɗin nan dai ya gano cewa ko tsakanin uwa da jariri masu kyakkyawar shaƙuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku na lokaci ne kawai suke tafiya daidai da juna. Sauran duk saɓani ne da gyarawa. Uban da ya daka tsawa, daga baya ya dawo ya ce, "Ɗazu na yi maka ihu, ban kyauta ba, amma dukan da ka yi ba daidai ba ne," ya koya wa ɗansa abin da shekara guda ta wa'azi ba za ta koya masa ba.

Wacce, ga wa, yaushe

Shekaru ne farkon abin dubawa. Ƙasa da shekara biyu, maganar keɓewa ma ba ta taso ba. Yaron bai iya haɗa laifi da kujera ba, rabuwa kawai yake ji. A ɗauke shi daga wurin, a ɗauke abin daga gabansa, a karkatar da hankalinsa. Daga wajen shekara biyu da rabi ko uku zuwa bakwai ne hanyoyin biyu suke gogayya. Bayan nan keɓewa tana rasa kaifi. Zama a yi magana, da sakamakon da ya dangani laifin, kamar wanda ya ɓata ya gyara, sun fi tasiri.

Na biyu, kuma a ganina shi ne mafi muhimmanci, shi ne a kalli idon yaron. Akwai yaron da abu ya fi ƙarfinsa: ya gaji, yunwa ta kama shi, an yi masa ƙani, hayaniya ta yi masa yawa, jikinsa na rawa, kukan daga ciki yake fitowa. Akwai kuma wanda yake cikin hayyacinsa sarai, ya kalle ka, ya kalli ƙaninsa, ya sake mintsininsa yana jiran ya ga me za ka yi. Na farko in ka keɓe shi ka bar shi shi kaɗai da abin da ba zai iya ɗauka ba. Na biyu in ka rungume shi kana tambayarsa me ke damunsa, ka biya shi ladan mintsini. Shi wannan abin da yake bukata shi ne martani gajere, mara daɗi, mara zafi, wanda ba ya canzawa daga yau zuwa gobe, kuma keɓewa tana iya zama shi. Da ɗan lura, iyaye sun fi kowane masani iya bambance waɗannan fuskoki biyu a jikin ɗansu. Abin da na yi imani da shi shi ne a 'yan shekara biyu zuwa huɗu, fuskar farko ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Sai halin yaron da tarihinsa. Wani yaron in ya fusata kusanci ƙara hura shi yake yi, kana magana yana ƙara hawa. Irin wannan a ba shi fili, a zauna nesa kaɗan a yi shiru. Ana iya tanadar masa wani lungu mai matashi da littafi da zai riƙa zuwa da kansa ya huce, wanda ba na horo ba. Wani kuwa da an juya masa baya sai ya firgice, ya biyo ka yana riƙe ƙafa. Yaron da ya rasa uwa ko uba, ko ya yi ta sauya hannu, ko aka taɓa cutar da shi, a yi hattara ƙwarai da duk abin da ya yi kama da kora. A ɗaya gefen, yaron da faɗansa ya yi tsanani, yana ji wa wasu ko kansa rauni, ko birgimarsa kullum ce kuma tana daɗewa har bayan shekara biyar, wannan ya wuce a yi ta gwaji a gida; a nemi likitan yara ko masanin halayya. Tsare-tsaren da aka fi tabbatar da amfaninsu ga irin waɗannan yaran galibi suna ɗauke da keɓewa a cikinsu, kuma bai kamata a guje su don sunan ya yi baƙin jini ba.

Na ƙarshe shi ne kai kanka a wannan minti. Idan ka ji zuciyarka ta kawo wuya, hannunka yana ƙaiƙayi, to ba ka da natsuwar da za ka ara wa kowa. A nan tazara rahama ce. Ka tabbata yaron yana wuri mai aminci, ka ce, "Raina ya ɓaci, zan je in huce in dawo," ka fita minti biyu. Ko ka zaunar da shi a kujerar. Minti uku na keɓewa sun fi mari, sun kuma fi runguma ta dole da haƙora a cije, wadda yaro yake jin tsaurinta a jikinsa.

A 2008 Jennifer Kaminski da abokan aikinta a hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun duba nazari 77 na tsare-tsaren koyar da iyaye, suna neman sinadaran da suka fi kawo sauyi. Abin da ya fito sama ya haɗa da ƙara kyakkyawar mu'amala tsakanin iyaye da yaro, koyon magana a kan abin da ke zuciya, keɓewa bisa ƙa'ida, rashin sauya doka, da gwada abin da aka koya a kan yaron kansa a gaban mai horarwa. Abubuwan da ake nuna mana a matsayin kishiyoyi, a jeri ɗaya suka fito.

Ni dai da za a tilasta mini zaɓen ɗaya, jan yaro a jiki zan ɗauka, domin tana iya tsayuwa ita kaɗai muddin akwai iyaka a cikinta, keɓewa kuwa ba ta aiki sai a kan shaƙuwar da aka riga aka gina. Gidan da ya zaɓi ya bar keɓewa gaba ɗaya bai rasa komai ba, in dai a'a tana nan a matsayin a'a, kuma an tsaya a kanta ko da kuka. Gidan da ya riƙe ta kuma, ya taƙaita ta ga laifi biyu ko uku, uwa da uba da duk mai kula da yaron su daidaita a kansu, a gwada wa yaron yadda ake yi tun ana raha. Sannan a riƙa ƙirgawa. In bayan 'yan makonni zaman kujera yana raguwa, tana aiki. In kuwa kullum sau biyar, sau shida, kuma laifin bai sauya ba, a ajiye kujerar a duba barcinsa, da cikinsa, da abin da ya sauya a gidan, da kuma rabon da wani ya zauna ƙasa ya yi wasa da shi minti biyar ba waya a hannu.